Kwana 12 ba sa haɗa ƙashin cinya

Wai don Allah wa ya zauna ya auna cewa kwana 12 sun ishi wanda mota ta buge? Abin da sashe na 16 na dokar ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaci ke nan: hutun jinya na ranakun aiki 12 da albashi a shekara, shi ma sai da takardar likita mai rajista. Alhali karayar tsintsiyar hannu kaɗai tana cin wajen mako shida a filasta. Ƙashin cinya kuwa, ko an yi tiyata an sa ƙarfe, sai wata uku zuwa shida kafin mutum ya taka sosai, ban da gashin ƙashi. Amma hutun na ƙarewa waya za ta fara ƙara: "Yaushe za ka dawo?" Wata na biyu a yanke albashi, na uku a ɗauki wani.

Saboda tsoron haka mutum zai jingine sanda ya hau acaɓa ya koma aiki ƙashi bai kama ba. Ƙarfen ya lanƙwashe ko ya karye, a koma tiyata ta biyu, jinyar wata huɗu ta zama ta shekara.

Abin da ya fi ƙona rai, akwai haƙƙin da ake yin gum a kansa. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da hatsarin da ya rutsa da kai tsakanin gida da wurin aiki. Hukumar NSITF, mai kula da asusun inshorar ma'aikata, ke biya, daga kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi da ya wajaba mai kamfani ya riƙa zubawa. Sai dai dole ka sanar da wurin aikinka cikin kwana 14, su kai wa hukumar rahoto cikin kwana 7, a shigar da buƙatar diyya kafin shekara ta cika. Wanda aka rataye wa ƙafa a gadon asibiti, ina ya ga ta lissafin kwanaki? A sa ɗan'uwa ya kai sanarwar a rubuce, a buga masa hatimi a kwafi, a nemi rahoton 'yan sanda, a adana hoton ƙashi da kowane rasit.

Wanda aka wuce da shi wajen mai ɗori kuma, ko ya warke, ba shi da takardar da ofis zai karɓa, sai a rubuta masa fashin aiki. Kamfanonin da ba su taɓa zuba ko sisi a asusun ba, su ne kan gaba wajen cewa ai hatsarin ba a bakin aiki ya faru ba.