Christine de Pizan ta cancanci yabon, amma a faɗi gaskiya

Wani labari da na karanta ya ce wai marubuciya Christine de Pizan ce uwar fafutukar 'yancin mata a Turai, to ni dai na yarda rabi da rabi. Matar nan wallahi ta burge ni, an haife ta a Venis a 1364, ta tashi a Paris saboda babanta na aiki a fadar sarkin Faransa Charles na biyar, tana 'yar shekara 25 mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku ga uwarta, ba ta zauna zaman jiran tsammani ba sai ta kama alƙalami, da rubutu take ci da gidan. A 1405 ta rubuta littafinta na Birnin Mata inda ta ce da ana sa 'ya'ya mata makaranta kamar maza da sun gane karatu daidai da su, a wancan zamanin fa! Amma malam marubucin labarin ka tsallake wani abu, ba ta nemi a sauya tsarin aure ko mulki ba, har nasiha ta yi wa mata su bi mazajensu. Mutuncin mace da hankalinta take karewa daga marubutan da ke zagin mata, kuma ta kare su sosai.