Wannan ba sallama ba ce, kora ce

Abin da ake kira sallama a yawancin asibitocinmu na Katsina kora ce kawai. Likita ya zagayo da safe, ya leƙa fayil, ya ce, "Baba ya samu sauƙi, ku je gida ku ci gaba da magani." A miƙa wa ɗansa 'yar takarda mai rubutun da ko mai kemis sai ya sha fama kafin ya gane, a zare kanula, wato 'yar robar hannu da ake ƙarin ruwa ta cikinta, ga wani a bakin ƙofa yana jiran gadon. Dattijon da ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya juyawa, ba ya riƙe fitsari, an danƙa shi ga matarsa, babu wanda ya zaunar da ita ko na minti 10 ya nuna mata yadda za ta yi da shi.

Ga gyambon kwanciya. Wanda ba ya motsi dole a riƙa juya shi duk bayan awa 2, dare da rana: dama, rigingine, hagu, da matashi tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin sharaɓa don dugadugai su tashi daga katifa. In ba a yi ba, nauyin jiki na danne jijiyoyin jini a inda ƙashi ya turo, wato ƙugu, ƙarshen gadon baya, dunduniya da ƙeya, naman ya mutu daga ciki. A fatarmu ba ja yake farawa ba, wurin duhu yake ƙarawa, ya yi tauri ko ɗumi, shi ya sa sai ya fashe iyali ke lura. Wa ya gaya musu? Abin takaicin ma, sau da yawa tun a gadon asibiti ake somo shi, ƙarƙashin zane, kan ledar da aka shimfiɗa, cikin gumi da fitsari, a zafin Afrilu da ke haura digiri 40. An sallami mutum babu wanda ya ɗaga rigarsa ya duba bayansa. A gida kuma sai a kama murza wurin da man zafi, ko a fasa kafso a barbaɗa, alhali wankewa da ruwan gishirin asibiti, rufewa da bandeji mai tsabta da ɗauke nauyi daga wurin ake buƙata.

Robar fitsari ita ma haka. Jakar a ƙasa da mara take zama, ba a kan ciki ba, ba kuma yashe a ƙasa ba, a zubar kafin ta cika. Irin mai ruwan ɗorawa da aka fi sakawa ba ta wuce mako 4 ba a sauya ba. Amma za ka tarar da wadda ta yi wata biyu, fitsari ya yi kauri yana wari, marar lafiya na rawar ɗari, ana ta ɗirka masa maganin maleriya.

Ciyarwa fa? Mai shanyewar ɓarin jiki kan kasa haɗiya daidai. A ɗura masa kunu yana kwance, ya ƙware, kunun ya gangara huhu, bayan 'yan kwanaki ga tari ga zazzaɓi. Zaunar da shi ake yi, cokali kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune aƙalla rabin awa bayan ya gama. Maganin hawan jini kuwa, da kwalin ya ƙare sai a ɗauka an gama, domin ba a ce musu na kullum ba ne.

Za a ce nas-nas sun yi kaɗan. Gaskiya ne, da yawa sun tafi Saudiyya da Ingila, kuma wadda aka bar wa ɗaki guda cikin dare ba ta da hannu goma. To amma aikin da aka riga aka jibga wa mai jinya, wanka, kwasar bahaya, gadin ƙarin ruwa, sayen safar hannu da auduga, me ya hana a koya masa shi yadda ya kamata? Ana karɓar kuɗin gado fa!

Sai a ce "ku dawo bayan sati biyu." Daga ina? Jiha ce mai ƙananan hukumomi 34. Mutumin Batsari ko Safana zai ɗauko shatar mota a wannan tsadar mai, kan hanyar da kowa ya san halinta, don kawai a auna jini. Gashin ƙashi, wato motsa gaɓoɓi da ƙwararru ke yi wa marar lafiya, da ya kamata a fara tun yana kan gado kafin gaɓoɓi su sandare, sai a manyan asibitocin birni.

Kada a sake sa hannu a takardar sallama sai nas ta duba fatar marar lafiya daga ƙeya zuwa dunduniya a gaban iyalinsa, mai jinya ya juya shi da hannunsa tana kallo, an rubuta da Hausa ranar sauya roba, ranar cire zare, da maganin da ba a dainawa, an kuma haɗa su da wasiƙa zuwa asibitin da ya fi kusa da garinsu.