Comic-Con ba wasan yara ba ne

Da yawa in sun ga hotunan mutane sanye da kayan jaruman fina-finai a taron Comic-Con na birnin San Diego a Amurka, wato taron masu sha'awar littattafan labarai na zane-zane da fina-finai, sai su ɗauka wasan yara ne, wai kuma ba a shiga sai da irin wannan shigar. Sam ba haka ba ne. Ganin dama ce, kuma galibin mahalartan manya ne cikin tufafinsu na kullum.

An fara taron a 1970 da mutum kusan 300, yanzu kuwa masu zuwa sun haura 130,000. Kamfanonin fim na sanar da sababbin ayyukansu a zaure mai cin mutum kusan 6,500. Abin da ya fi burge ni shi ne matasan masu zane da ke bin layi su nuna wa editoci aikinsu, ko a dace da aiki.