Littafin Bashin Hajiya

Wannan labarin a Makka aka yi shi, a gidan tuwon wata Hajiya can cikin lungun Shara Mansur, inda in ka rufe ido ka saurari hayaniyar sai ka rantse a kasuwar Kurmi kake. Ustaz ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, Bazazzage, shekararsa 6 a ƙasar, biyu a ma'ahadin koyon Larabci yanzu kuma yana ajin ƙarshe a kulliyar Shari'a, gemu ya cika murya ta buɗe. Ya zo umra da wani sabon ɗalibi da ko wata biyu bai rufa ba, irin waɗanda har yanzu in sun ga farashi sai sun ciro waya sun buga a naira. Baba Takari kuwa Bakano ne, kullum yana kan tabarmar bakin ƙofa, ba wanda ya san sana'arsa kuma ba wanda ya taɓa ganinsa da yunwa.

USTAZ: Salamu alaikum, Hajiya barka da aiki. Ga ƙanina na kawo miki, sabon zuwa ne, ina ɗan ɗora shi a hanya.

HAJIYA: Lale da mutanen Madina. Wace hanyar, ta Harami ko ta bashi?

USTAZ: Haba Hajiya, a gaban yaro?

BABA TAKARI: Iko sai Allah, Bazazzage ya yi almajiri! Yaro matso nan. Tun daga Abyar Ali da kuka ɗaura harami zuwa nan me ya koya maka?

SABO: Baba cewa ya yi duk hankalin da ya yi a ƙasar nan a littafi ya same shi.

HAJIYA: Bai yi ƙarya ba, a littafi ne. Bari in ɗauko shi.

(Ta sa hannu ƙarƙashin kular tuwo ta jawo wani tsohon littafi mai koren bango, ya sha manja har wasu shafukan ana hango na bayansu.)

USTAZ: Sabo kar ka saurara, wannan ruwayar ba ta inganta ba.

BABA TAKARI: Ta inganta mana, ni ne isnadinta. A gabana aka ci, a gabana aka suɗe hannu.

HAJIYA: Ka ga ɗan nan, shekara ashirin ina tuƙa tuwo a garin nan ban taɓa rubuta bashi ba, a ka nake riƙewa, wanda na manta ya ci halal. Sai ga wannan ya zo a shekararsa ta farko, siriri kamar sillen kara, jallabiya ta sha guga, ya share malmala biyu da miyar kuka ya laluba aljihu ya ce af, na ce ba komai je ka in ka samu ka kawo. Maimakon ya ce na gode sai ya miƙe tsaye ya gyara murya ya karanto min ayar bashi, ta 282 a Baƙara, wadda duk Alƙur'ani babu mai tsawonta, tun daga farko har ƙarshe, mutane na tsaye da kwano tuwo na hucewa, wai bashi sai an rubuta.

SABO: Ai gaskiya ya faɗa Hajiya.

HAJIYA: Gaskiya ya faɗa mana, shi ya sa washegari na sayi littafi. Ga sunansa nan a shafin farko.

USTAZ: Ƙuruciya ce.

HAJIYA: Layi na biyu, riyal 20 kuɗin mota.

BABA TAKARI: Wannan ni zan bayar! Ya tare mai tasi a bakin titin can, maimakon ya ce abga Haram, kam, wato Harami za ni, nawa ne, kamar kowa, sai ya dafa ƙirji ya ce ya ayyuhas sa'iƙ, inni uridu an azhaba ilal Masjidil Haram, har da wasulla da ƙalƙala. Direba ya saurare shi tsaf, da ya kai aya ya ce sadaƙallahul azim, ya ja motarsa.

USTAZ: Ni na yi daidai, nahawuna ko Sibawaihi ba zai gyara min ba.

BABA TAKARI: To Sibawaihin ne ya kai ka Harami? Na biyun da ya tsaya ai da ya ji Larabcin littafi ya san baƙo ne ya ninka maka kuɗi. Ni ubana da ƙafa ya zo ƙasar nan, ta Chadi ya shiga Sudan ya zauna Mai Wurno, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira kafin ya tara na jirgin ruwa a Sawakin, har ya rasu bai san mubtada da habar ba, amma ba a yi direban da ya taɓa cin riyal ɗinsa ɗaya ba.

USTAZ: Wa zai ci kuɗin Bakano? Ku da ko a ɗawafi kuna lissafin canji.

BABA TAKARI: Mu mun iya lissafi, ku kun iya dogon turanci da Hausa. Hajiya ci gaba.

HAJIYA: Nan kuma shafi guda cur, tuwo tuwo tuwo, kwana 9 a jere lokacin hutu.

SABO: Ustaz ba a ba ku mukafa'a ne lokacin, kuɗin nan na wata-wata da jami'a ke ba ɗalibai?

USTAZ: Ana bayarwa. To ka ji wannan da kyau tunda an riga an tona. Mukafa'ata ta farko da ta shigo na buga a naira sai na ji ni wani ne, na tafi shagon littattafai na ɗauko Fathul Bari, sharhin Buhari, mujalladi 13, na sayi turaren udu, na ja abokai huɗu Albaik, gidan cin soyayyun kaji, na ce kowa ya faɗi abin da yake so. Ranar 10 ga wata ko na tamis da ful, burodi da wake ke nan, ba ni da shi.

BABA TAKARI: Ka karanta shi kuwa?

USTAZ: Na buɗe na ɗaya.

BABA TAKARI: Sauran 12 fa?

USTAZ: Suna cikin ledarsu, sun yi min amfani, a kansu nake ɗora fanka.

HAJIYA: Ba shi ne ya kashe shi ba, hoto ne.

USTAZ: Wallahi hoto ne. Na tsaya a gaban dogon benen agogon nan na sha baƙin gilashi na ɗora a Facebook na rubuta alhamdulillah ala ni'imatihi. Kafin la'asar kawu yana son waya, gwaggo tana son abaya da haƙorin Makka, wani da muka yi firamare tare ya ce in samo masa biza ko ta share masallaci ce, ƙanin babana kuma ya kira ya ce tunda Allah ya ɗaga ni kuɗin makarantar yara uku ya dawo wuyana. Su a ganinsu benen nawa ne. Kuma ka san abin kunyar, ban iya cewa babu ba, sai in ce insha Allah, su kuma su rubuta insha Allah ɗin a matsayin alkawari.

SABO: (a hankali ya ciro waya yana danne-danne)

HAJIYA: Me kake yi?

SABO: Wani abu nake gogewa.

(Ni dai mai ba ku labarin, a nan kunu ya sarƙe ni. Duk wanda ya taɓa zama a ƙasar nan ya san wannan hoton, kowa ya ɗauke shi kuma kowa ya biya kuɗinsa.)

HAJIYA: Yauwa, ga babban. Riyal 150, na mai tura keke.

USTAZ: Hajiya dan girman Allah tsallake wannan.

HAJIYA: Kai ka ce a rubuta ƙarami ne ko babba, haka ayar ta ce ko ba haka ba?

USTAZ: Haka ta ce.

BABA TAKARI: Wani dattijo ne ya zo umra daga ƙauye, ya fi shekara saba'in, ya gama komai ya zo nan zai ci abinci bai ko yi aski ba, ya ga mai gemu da littafi a hammata sai ya ce malam ina tsakiyar Safa da Marwa alwalata ta karye ban sake ba, yaya ke nan? Mutuminka ko numfashi bai ja ba ya ce baɗil! Sai ka sake! Tsoho ya ajiye loma ya koma, sawu bakwai, wajen kilomita uku, a na huɗu gwiwa ta ce ba da ni ba.

USTAZ: Ɗawafi ne ake sharɗanta wa tsarki, sa'ayi ba a sharɗanta masa ba, ni kuma a lokacin babin ɗawafi kawai muka kai, sai na haɗe su. Ina komawa masauki na buɗa littafi na ga abin da na aikata, wallahi gumi ya karyo min duk da sanyin na'ura, na fito a guje na same shi zaune jingine da bango yana tausa ƙafa, na rasa bakin da zan ce masa Baba na farkon ma ya yi.

SABO: Ka faɗa masa?

USTAZ: Na faɗa. Ya kalle ni ya kalle ni ya ce to ɗan nan tunda an fara a ƙarasa, amma a keke, kuma kai za ka biya.

BABA TAKARI: Na ce masa kai da kake Madina kana wuce maƙabartar Baƙi'a kullum, Imamu Malik yana kwance a ciki, mutumin da ake tahowa daga uwa duniya a yi masa tambaya ya ce la adri, ban sani ba, a ce to me zan faɗa wa mutanen garinmu ya ce ka ce musu Malik bai sani ba. Shi ke nan sai kai ɗan Zariya da babi ɗaya a ciki.

USTAZ: Tun ranar in aka tambaye ni sai in ce bari in duba.

HAJIYA: Har ya wuce gona da iri. Ranar nan na ce masa kuɓewa ko kuka, ya ce akwai saɓani.

SABO: To wannan layin da aka soke da jan biro fa?

USTAZ: Kuɗin awon kaya ne, zan tafi hutu kowa ya ba ni saƙo, wannan dabino wannan darduma wannan jarkar zamzam alhali lita 5 ake bari, a filin jirgin Jidda na zubar da kayana na tafi da na mutane, kuma har yau akwai matar da ba ta gaishe ni wai ajwarta ta ragu. Wannan na biya, wuce.

HAJIYA: Na ƙarshe. Kunu kofi uku, bai ci tuwo ba. Ban sa kuɗi ba.

SABO: Me ya faru?

USTAZ: Ba komai.

BABA TAKARI: Akwai komai. Wata yarinya ce a gida, kullum waya, ya ce ta jira shi ya gama digiri, da ya ga ta yi shiru ya ce har da majistir. Ana nan sai wani Alhaji ɗan kasuwa ya zo umra aka haɗa shi da Ustaz ya yi masa jagora, ya riƙe masa hannu a ɗawafi yana faɗa yana maimaitawa, Alhaji ya ce malam sa min da addu'ar wani aure da nake nema, akwai wani ɗalibi da ya tsaya min a gaba. Mutuminka ya ɗaga hannu ya fuskanci Ka'aba ya ce Allah ka kawar masa da shi.

SABO: Innalillahi.

BABA TAKARI: Addu'ar Bazazzage ba ta taɓa karɓuwa da sauri irin wannan ba, wata biyu aka ɗaura. Bakano ne kuma.

USTAZ: Har riyal 100 ya ba ni.

HAJIYA: Ita ce kaɗai ranar da ya rage bashi ba a tambaye shi ba. Yana kuka yana miƙo min.

USTAZ: Hajiya yaji ne ya shiga idona. Nawa ne ya rage gaba ɗaya? Yau da shirina na zo, wata uku ina ajiyewa, ba na son in bar ƙasar nan da nauyin kowa.

HAJIYA: 85.

(Ya ƙirgo ya miƙa, ta lashi yatsa ta sake ƙirgawa sau biyu, ta ja layi. Baba Takari har da tafi. Ana cikin haka shi Sabo ya riga ya tashi da malmala biyu da nama uku, ya wanke hannu, ya shafa aljihun dama, ya shafa na hagu.)

SABO: Ustaz, ashe jakata na masauki.

USTAZ: Ni ma ka ga inda nawa suka tafi.

HAJIYA: Ba komai ɗan nan, je ka in ka samu ka kawo.

SABO: Na gode Hajiya. Sai dai wani hanzari, ayar ba rubutu kawai ta ce ba, ta ce a kafa shaidu biyu daga cikin mazajenku, kuma in kin ba ni dama zan karanto miki daga…

USTAZ: Sabo zauna. Sabo dan Allah zauna.

BABA TAKARI: Ƙyale shi ya karanta! Ga ni ga ka, shaidu sun cika.

HAJIYA: (ta buɗe sabon shafi ta cire murfin biro da haƙori) Ya sunan naka, kuma shekara nawa za ka yi?