Dakarun Gettysburg sun samu dutsensu, namu fa?

A garin Gettysburg da ke jihar Pennsylvania ta Amurka akwai wani fili da aka gwabza kwana uku a cikinsa, 1 zuwa 3 ga Yuli 1863, lokacin yaƙin basasarsu. Yau duwatsun tunawa da alamomin da ke filin sun haura 1,300, kuma ɗaruruwa daga ciki na rundunonin dakaru ne, wato masu tafiya a ƙasa da bindiga a kafaɗa. Mu dai a al'adarmu barade ke kwashe kirari, dakare sai dai a ce "da mutanensa", shi ya sa abin ya tsaya mini a rai.

Runduna ta 1 ta jihar Minnesota ita ce ta fi ba ni tausayi. Ranar 2 ga Yuli Janar Hancock na sojan Arewa ya hango giɓi a layinsu, ga abokan gabarsu 'yan Kudu daga jihar Alabama sun nufo wurin da yawan gaske, ba kowa kusa sai waɗannan mutum 262 ƙarƙashin Kanar Colvill, sai ya ce su afka don a samu 'yan mintuna kafin agaji ya iso, suka ko afka, 215 aka kashe ko aka jikkata, 47 kacal suka rage a tsaye. Waɗannan alƙaluman suna nan a rubuce jikin dutsen tunawar da aka ƙaddamar musu a 1897, a daidai inda suka taso. Jikan jikansu zai je ya tsaya wurin ya ga tazarar da idonsa.

Ba wai duwatsun nan gaskiya zalla suke faɗa ba fa. Kowa wuta yake ja wa nasa ƙoƙon. Tsofaffin sojojin runduna ta 72 ta Pennsylvania sai da suka kai ƙungiyar da ke kula da filin har kotun ƙolin jiharsu, wai an ajiye musu dutse a baya alhali su a bakin katangar da aka yi arangama suke so a gan su, suka ci shari'ar, aka kafa shi a 1891. 'Yan Kudu kuwa da aka ci da yaƙi sun daɗe kafin a ba su fili, na jihar Virginia sai 1917, kuma har gobe ana faɗa a kansu tunda bautar bayi suka yi yaƙi su kare. To amma ko wannan rigimar a ganina ta fi shiru amfani, don wanda ke gardama kan inda kakansa ya tsaya bai manta da kakan ba. Kai har karya ta samu nata rabo, Sallie ta runduna ta 11 ta Pennsylvania, ga mutum-mutuminta kwance a gindin nasu dutsen.

Mu a Najeriya namu yaƙin basasar daga 6 ga Yuli 1967 ya kai 15 ga Janairu 1970. Muna da gidan tarihin yaƙi a Umuahia, duk 15 ga Janairu manya na ajiye furanni a Abuja a saki tattabaru, sai kuma baɗi. Amma tare saurayi a Kano ko Zariya ka tambaye shi wace bataliya kakansa ya yi, ina aka harbe shi, Nsukka ne ko ƙetaren Onitsha ko kwanton ɓaunar Abagana ta 1968, mafi yawa sunan kwamandoji Murtala da Shuwa kawai zai iya kawo maka. Gowon ya ce ba wanda ya ci ba wanda aka ci, magana ce mai kyau, sai dai mun mai da ita kamar an ce a daina zancen gaba ɗaya.

Na san za a ce gunki haramun ne. Ni ban ce a sassaƙa mutum ba, allon dutse da sunan bataliya da kwanan wata da sunayen waɗanda suka faɗi ya wadatar. Matsalar da ta fi wannan nauyi ita ce filayen nan suna ƙasar mutanen da aka yi yaƙin a kansu, ba za ka je Asaba ka kafa wa Runduna ta 2 ta sojan tarayya allo ba kana sane da fararen hular da sojojinta suka kashe a can a Oktoban 1967. In za a rubuta, to a rubuta na Biyafara da na mutan gari tare da na sojan tarayya, kuma a yi tun sauran tsofaffin da suka je suna raye, don wanda ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1967 yanzu ya doshi 80.