Nasiha ga Ƙannena Masu Koyarwa a Zango

Ƙannena da kuka kammala kwalejin horar da malamai, kuka kama aiki a makarantun unguwannin Asawase da Aboabo na birnin Kumasi a ƙasar Gana, ina roƙonku ku daina ɗaukar yaron Zango kamar wanda ya shigo aji hannu rabbana, domin wannan kallon ya daɗe yana karya wa 'ya'yanmu gwiwa, kuma ya fi ciwo idan daga wajen nasu ya fito.

Ku dubi yarinyar nan da take zama a bayan aji, wadda ake cewa ba ta da kai saboda Turancinta yana gargada. Tun da asuba ta taya mahaifiyarta sayar da koko da ƙosai, ta ba da canji da ka ba tare da ta yi kuskure ba, ta yi ciniki da Hausa, ta juya ta amsa wa wani da Tonanci, wato harshen Asante, da yamma kuma za ta biya wa malam allonta da hadda. Lissafi da harsuna da ƙarfin riƙe karatu duk tana da su, aikinku shi ne ku ɗora darasi a kansu.

Rubutu ma ba baƙonmu ba ne a wannan gari. Lokacin da Bature Bowdich ya zo Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi masu rubutun Larabci a kusa da fadar Sarkin Asante Osei Bonsu. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya bar waƙoƙi da Larabci da Hausar ajami, amma yaranmu nawa ne suka taɓa jin sunansa a aji? Gwamnati ta kafa sashen ilimin Musulunci a 1987 don haɗa karatun addini da na boko, sai dai Hausa ba ta cikin harsunan gida da aka ware don koyarwa, saboda haka nauyin ya koma kanku.

Wannan ba izinin sassauta Turanci ba ne, tunda da shi za su rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare. Idan darasi ya cije, ku warware shi da Hausa sannan ku mayar da shi Turanci, ku ɗauko misalan lissafi daga cinikin kasuwar Kejetia, kuma ku gayyato dattawan unguwa su ba yara labarin fataucin goro ta hanyar Salaga a darasin tarihi.