Ranar da na ɗaure jirgi kamar ragon layya

Ni Bakano ne, ruwan da na sani bai wuce na dam ɗin Tiga ba, shi ma daga nesa. Sai ga shi aiki ya kawo ni Fort Lauderdale a jihar Florida, garin da ake yi wa kirari da Venis ɗin Amurka. Bayan gidan da nake haya ba lungu, mashigin ruwa ne, da ɗan dandamalin katako mai ƙafa 25.

Wani Bature abokin aikina ya roƙi ya ajiye jirginsa a wurina kwana biyu. Na ce haba, wannan har sai an tambaya? A zatona kwale-kwale ne. Da la'asar sai ga wani dodo mai ƙafa 45, hancinsa a ƙofata, gindinsa yana leƙen tagar kicin ɗin maƙwabciyata.

Da ya tafi na duba ɗaurin, na ga igiyoyi sako-sako. Na ce wannan bawan Allah bai taɓa kiwo ba. Na naɗe hannun riga, na ja kowace igiya tamau a turke, irin ɗaurin ragon da ya taɓa tsinkewa ranar jajibere. Ashe ruwan nan sau biyu yake cika ya janye a rana, ƙafa biyu ko fiye. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ina alwalar asuba na ji ƙaƙas! Ruwa ya sauka, jirgi ya rataye a karkace, katako biyu sun bi shi.

Gari na wayewa tsohuwar maƙwabciyata ta fito da rigar barci da tef ɗin awo. Ko gaisuwa babu ta fara min karatu: a dokar garin, jirgin da aka ɗaure ba zai ci fiye da kashi 30 cikin ɗari na faɗin mashigi ba, kuma dole ya bar tazara daga iyakar maƙwabci. Na ce, "Mama, baƙo ne, jibi zai wuce." Ta ce dokar ba ta san baƙo ba. Kafin azahar jami'i ya iso da takardar gargaɗi.

Mai jirgi ya zo ya yi rabin awa yana fama da ƙullina, gumi na zuba, yana tambayar wane sojan ruwa ya koya min. Ban ce uffan ba. Na shiga ciki na ɗauko masa wuƙar layya.